Kumbon Mirrihi da Sallahun da Baba Ya Aika Sawakin

Watan Safar ɗin nan da muke ciki ya cika shekara arba'in da uku da rasuwar mahaifina, Malam Haladu mai gyaran rediyo a unguwar Hindawiyya, cikin Makka. Yanzu na girme shi, na wuce shekarun da ya yi a duniya, amma har yau in na ɗauki waya zan tura saƙo na biyu alhali ba a amsa mini na farko ba, sai in ji kamar yana bayana yana gyaran murya. Kwanan baya aka nuna a talabijin wani kumbo da ke aiki a duniyar Mars, jikokina suna ta mamakin yadda ake tuƙa abu daga nan babu kowa a cikinsa. Ni ban yi mamaki ba, gabana ne ya faɗi. Na san irin wannan tuƙin tun ina da shekara ashirin da biyu, kuma ba da daɗi na san shi ba.

Iyayena mutanen Haɗeja ne. Da ƙafa da bayan babbar mota suka yo gabas ta Chadi da Sudan, su tsaya su yi noma, su sami guzuri, su ƙara gaba. A hanya aka haife ni, a hanya aka haifi ƙanena Bashari, kuma mu biyu kaɗai muka rayu cikin waɗanda Inna ta haifa. Da aka sauke farali sai muka zauna kamar sauran irinmu, ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama. Baba ya koyi gyaran rediyo wajen wani mutumin Yaman, ya buɗe wani ɗan shago da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya bar kafaɗarsa a waje. Ni ina yi wa mata alhazai hidima a gidan wani muɗawwafi, wato mai masaukin alhazai, wanki da girki da tafinta. Bashari dako yake yi a kasuwa. Larabcinsa ya fi Hausarsa nesa ba kusa ba, har Inna takan ce in ya buɗe baki da Hausa sai ta ji kamar ana tauna tsakuwa.

Bayan hajjin wata shekara, a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin, aka yi kamen marasa takarda. Bashari ya fita da safe da igiyar dakonsa, bai dawo ba. Kafin mu gama bin sawu an kai su Jidda, an zuba su a jirgin ruwa, an sauke su a gaɓar Sudan. Shekararsa goma sha tara, bai san kowa a can ba. Baba ba shi da halin binsa, don in ya fita ba zai sake shigowa ba, ga kuma Inna da ciwon ƙirji. Abin da ya rage mana sai sallahu.

Yaran yanzu ba su san nauyin sallahu ba. Ka sami matafiyi, ka faɗa masa magana da baki, ya ɗauke ta amana ya kai wa mai ita. Takan yi wata biyu a hanya, amsarta ta yi wasu biyun, in an yi sa'a ke nan. Tsoronmu kuwa ɗaya ne. A garin Sawakin, bakin teku, akwai masu sambuki, wasu jiragen katako masu filafilai, da ke tsallako da mutane a ɓoye kafin hajji. Kowa a Hindawiyya ya san wani da ya shiga sambuki aka daina jin ɗuriyarsa. Wasu teku ta ci, wasu aka sauke su a gaɓar da babu ruwan sha aka ce musu Makka na bayan dutsen can. Duk da haka ni da Inna so muke ya dawo, ko ta wace hanya, kuma ban taɓa jin kunyar wannan son ba.

A nan ne zumunci ya yi mana illa. Mutanen unguwarmu, Allah ya saka musu da alheri, babu wanda ya iya zama ya naɗe hannu. Duk wanda ya sami mai tafiya Sudan sai ya ba shi tasa shawarar. Wannan ya ce Bashari ya je gonakin auduga ya yi aiki. Wancan ya ce ya nemi wani ɗan garinsu a Kasala. Wata ta ce ya zauna bakin teku kada ya gusa. Kuma da yake sun san yaro ba ya ƙetare maganar mahaifinsa, kowa sai ya rufe tasa da "in ji Babanka". Ba ƙarya suke nufi ba, a ganinsu ai abin da Baba zai faɗa ke nan da an tambaye shi. Shi kuwa Bashari, duk wadda ta iske shi sai ya tattara ya bi. Duk matafiyin da ya zo mana da labarinsa, a wani garin dabam ya gan shi, kuma ya fi na baya rama.

Ana cikin haka, a watan Rajab, Baba ya kamu da zancen kumbo. Da ma bayan la'asar yakan kama tashoshin waje masu magana da Larabci don ya gwada rediyon da ya gyara, wani mai shago kuma yana ba shi mujallun da ya gama karantawa. A nan ya ji cewa Amurkawa sun harba kumbo babu mutum a ciki zuwa Mirrihi, wadda yanzu ake ce wa Mars, tafiyar wata bakwai da ɗoriya. Ɗan'uwansa da aka fara harbawa murfinsa ya ƙi buɗewa, ya mutu a hanya. Baba ya bi labarin nan kamar shi ya ba da kuɗin ƙera shi. Ni kuwa haushi ya ishe ni. Ɗanka yana gararamba a ƙasar da bai sani ba, kai kana nan kunne a jikin akwati kana jimamin ƙarfen Nasara. Na faɗa masa haka wata rana da na kai masa abinci, don ni ba a san ni da ajiye magana a ciki ba.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Isburi, yi haƙuri, Uwata, zauna ki ji." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ɗauki wata ƙonanniyar kwalbar rediyo ya riƙe a sama, ya ce wannan ce kumbon. Shi in rediyo ta lalace yakan buɗe bayanta, ya shinshina, ya taɓa, ya ga inda ya ƙone. Su waɗannan masu kumbo ba su da hannu a kan nasu, ba su ma ganinsa. Magana kawai suke aika masa, shi kuma ya turo musu bayanin lafiyarsa, zafinsa da ƙarfin wutarsa da inda ya fuskanta, daga nan su yi ta lissafin abin da ke damunsa. Ya ce ido biyu gare shi. Ɗaya ya kafe a kan rana, ɗaya a kan tauraron Suhailu, wanda Larabawa ke jiran fitowarsa don zafi ya karye. Muddin ya riƙe waɗannan biyun, eriyarsa tana duban gida. In ya saki Suhailu sai ya shiga juyawa yana nema, in kuwa ya ɓace a haka, ko an yi magana ba lallai ya ji ba.

To ga shi yana ta sakin tauraron. Da farko ma wasu taurarin ya riƙa kamawa, sai an ce masa ba shi ba ne, ƙara gaba. Da ya samu kuma, a yi kwana kaɗan ya sake saki. Baba ya rame a kan wannan. In ya dawo gida Inna ta ce, "Malam, an ji wani abu?" tana nufin Bashari, shi kuma ya ce, "Ya sake saki," yana nufin kumbo. Ranar nan kam saura kaɗan in fasa kwano.

A cikin Sha'aban aka gano dalilin. Ashe 'yar ƙura ce da ɓarɓashin fenti ke fita daga jikin kumbon kansa. In ta gifta gaban idon, rana ta haska ta, sai ta yi walƙiyar da ta fi ta tauraro, shi kuma ya rikice ya saki abin da ya riƙe. Injiniyoyin ba su da yadda za su share ƙurar. Sai suka aika masa umarni guda: in haske ya gifta, kada ka saki abin da kake riƙe da shi. Baba ya zo gida ranar nan bai taɓa abinci ba. Ya dube mu ya ce, "Mu ne ƙurar. Daga jikinsa muka fita, kuma mu muke ɓatar da shi."

Ban taɓa ganin Baba ya yi abin da ya yi a azumin nan ba. Mutumin da ko kaza ba ya iya kora, ya bi gidajen Hindawiyya ɗaya bayan ɗaya, ya yi godiya, ya roƙi arziki kada wanda ya ƙara aika wa Bashari ko gaisuwa. Wasu suka ji zafi, aka ce rediyo ta taɓa masa kai. Sannan ya nemi Alhaji Jibo, wani dattijo Badamagare mai fataucin turare tsakanin Sudan da Hijaz, da ya zo umara zai koma bayan salla. Labari na ƙarshe da muka ji, Bashari yana tsinkar auduga. Na ɗauka can za a tura Alhaji Jibo. Baba ya ce a'a. Su masu kumbo ba inda Mirrihi take suka auna ba, inda za ta kasance ranar da zai isa suka auna. Kafin Alhaji ya kai an gama auduga, yaro ya sami abin biyan sambuki, kuma a Sawakin za a same shi.

Ya ba Alhaji Jibo ƙonanniyar kwalbar nan ta zama shaida, don Bashari ya san kayan shagon ubansa. Sannan ya faɗi sallahun, ni da Inna muna bayan labule. "Ka ce masa duk maganar da ba ta zo da wannan ba, ba tawa ba ce. Ya juya wa teku baya. Ya nufi Haɗeja wajen Baffansa Sale. Kada ya dawo. Halas, shi ke nan."

Inna ba ta yi kuka a gabansa ba, ta shige ɗaki. Ni kuwa Alhaji na fita na tare Baba. Na ce to shi wannan kumbon naka da kake koyi da shi, yaushe zai dawo gida? Ya ce, "Ba don ya dawo aka sake shi ba, Uwata. Don ya isa ne."

Daga Shawwal shiru ya sauka a gidanmu, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Alhazai suka fara shigowa. Inna, da ciwonta, kullum sai ta ja jiki zuwa bakin hanya tana duban fuskokin samari. Duk wanda ya tsallako a ɓoye aka kawo shi unguwa, sai mun je mun tambaye shi su wa ke cikin jirginsu. Hajji ya zo ya wuce babu Bashari. Ma'anar haka ɗayan biyu ce, ko ya ji maganar ubansa, ko yana ƙarƙashin teku, kuma babu abin da zai bambance mana. In na tsoma hannu a ruwan wanki sai in tuna teku. Da alhazan Sudan suka tashi komawa, ga su ɗari-ɗari suna wucewa ta hannuna a gidan muɗawwafi, na roƙi Baba ya bar ni in ba ko mutum ɗaya cigiya. Ya hana. Ya ce ba a aika na biyu sai an ji abin da na farko ya yi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na yi mako ban yi masa magana ba sai gaisuwa.

Kada a ɗauka shi hankalinsa a kwance yake. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ya fara ɗiga dalma inda bai kamata ba, ya ƙona wa wani mutum rediyo sai da ya ba da haƙuri. Abin da ke riƙe da shi kawai kumbon nan ne. Ya gaya mini sun cire murfin kyamararsa tun da sauran watanni, don in ƙura za ta tashi ta tashi tun akwai lokacin gyara. Ya gaya mini yanzu magana takan yi fiye da minti goma kafin ta iske shi, amsa ta yi wasu goman, saboda haka duk abin da suka ji, ya riga ya wuce. Ya ce mu ma haka muke, duk halin da Bashari ke ciki ya riga ya shiga, labarin ne bai iso ba. Wannan magana ba ta sanyaya mini rai ko kaɗan ba.

A Rabi'ul Awwal kumbon ya isa. Da ya zagaya bayan Mirrihi muryarsa ta ɗauke kusan awa guda, masu shi suka zauna jugum, babu abin da za su iya sai jira. Sannan ta dawo. Hotunan suka riƙa ɗigowa, kowanne sai ya ci sa'o'i, aka ga ƙasa fayau, ramuka ne kawai babu kogi babu kowa. Masu zama a shagon gahawa suka yi ta yi wa Baba tsiya, wai duk wannan ramar a kan kufai ya yi ta. Ya yi murmushi ya ce ai ya isa. Ni dai ban yi murna ba, don namu bai fito daga bayan nasa dutsen ba.

Sai da aka ƙara makonni Alhaji Jibo ya dawo. Na hango shi daga bakin lungu. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, Allah ya ji ƙansa, ya san abin da muke jira. Ya ce, "Malam, na ishe shi Sawakin, ya gama magana da mai sambuki, jiran iska kawai sukai. Na miƙa mishi kwalba. Ya tambaye ni yaushe ka ce ya komo, na ce ba ka ce ba. Ya yi kuka har ya gode Allah. Ni da kaina na sa shi jirgin ƙasa, ya tahi yamma." Inna ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida. Baba ya tashi zai shiga ɗaki, ya dafa bango. Ko sambukin nan ya iso lafiya ko bai iso ba, ban taɓa sani ba, ban kuma nemi sani ba.

Bashari ya isa Haɗeja, Baffa Sale ya riƙe shi, ya yi aure, ya zama mai shago. Amma ya ɗauki "kada ya dawo" a matsayin kora, ya ƙulla a zuciya. Duk shekara alhazan Haɗeja kan zo, Baba ya neme su har masauki, su ce yana lafiya, an yi masa haihuwa, Hausarsa ta miƙe. Baba ya ce, "Ya ba ku sallahu?" Su sunkuyar da kai. Ni yakan aiko mini, Inna ma yakan aiko mata har ta rasu, ubansa ne kawai babu. Na ce bari in aika in wanke shi tas, Baba ya hana, ya ce shi ya aika nasa, amsa yake jira. Shekara goma sha ɗaya yana jira har Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Yaranmu har yanzu suna bin sahara da teku, sai dai yanzu kowannensu da waya a aljihu, dangi arba'in suna zuba masa murya, wannan ya ce ci gaba, wancan ya ce komo, wani ya turo lambar mai kwale-kwale. Ina jin zai yi sha'awar wayar, zai buɗe bayanta ya ga cikinta kafin ya yarda ya kira kowa. Amma zai ce saƙo ya yi araha, ƙura ta yi yawa. Ban ce komai nasa daidai ne ba. Da ya ƙara kalma ɗaya a sallahun nan, da ya ce don ina son ka rayu, da wataƙila bai mutu yana jira ba. Shi a ganinsa umarni in ya yi tsawo yakan lalace a hanya. Na yi masa gardama a kan haka yana raye, kuma har yau ban sauka ba.

Shagon an rushe shi tuntuni, ko lungun ban iya ganewa. Ba shi da hoto ko ɗaya. Abin da ya bari mutum ne a Haɗeja mai furfura da jikoki cike da gida, wanda da ƙila kifi ya cinye shi yana ɗan shekara ashirin.

Shekara biyu bayan rasuwar Baba, Bashari ya zo hajji da fasfonsa, ta jirgin sama. Ya ce in kai shi maƙabarta. Mu mata ba ma shiga, sai na tsaya da shi a jikin katanga. Ya ce wanne ne? Na ce nan ba a sa alama, yana dai cikin wannan filin. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙonanniyar kwalbar nan, naɗe a tsumma. Ya daɗe yana duban filin, sannan ya ɗaga murya da Hausarsa da ta miƙe, kamar mai magana da wanda ke nesa.

"Baba, Alhaji Jibo ya ba ni sallahu. Na isa Haɗeja lafiya."

Allah ya ji ƙan Malam Haladu, ya kai haske kabarinsa, ya isar masa da amsar da ya jira.